Gyara da Shimfiɗar Fuska a Kasuwannin Mafara, Bakura da Maradun

Kowa ya bi hanyar mota daga Gusau zuwa Sakkwato sai ya ratsa Talata Mafara. Sunan garin ma daga kasuwarsa ya samo shi, don ran Talata ta ke ci. Gabas da shi ga Maradun, garin Sarkin Kaya, arewa maso yamma kuwa ga Bakura, garin Sarkin Burmi. Dukansu uku suna kusa da Gulbin Sakkwato, mutanensu kuwa manoma ne da masunta da makiyaya da masu sana'ar hannu. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne yadda ƙaramin ɗan kasuwa na waɗannan garuruwa ya ke riƙe mai saye, tun daga zamanin ayari har zuwa zamanin wayar hannu.

Ka san gero dai gero ne. In ka shiga layin ma'auna za ka tarad da mutum ashirin, kowa da tulinsa a gaba, mudu iri ɗaya, kuɗi kusan ɗaya. To, me ya sa za ka ga mutum ya wuce goma sha tara, ya je ya tsuguna gaban ɗaya, ko da kuwa shi ne a can ƙarshen layi cikin rana? Ba geron ya ke bi ba. Abin da a ke haɗa masa da geron shi ya ke bi.

Abu na farko shi ne gaisuwa. A ƙasar nan ba a fara ciniki da tambayar kuɗi. Mai saye zai tsuguna, mai kaya ya ce, "Maraba da Baba. Yaya gida? Yaya mutanen ƙauye? Yaron nan da ka ce ba shi da lafiya, ya ji sauƙi?" Tsohon nan ya yi tafiyar safiya guda kafin ya iso, amma da jin an tuna da ɗansa sai gajiya ta ragu. Sa'an nan a shiga tayi. Ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sāke cewa albarka, har su daidaita, mai kaya ya ce ya sallama. Dubi wannan kalma ta albarka. Ƙin sayarwa ce, amma da addu'a a ke yinta, don kada mai saye ya tashi da ɓacin rai. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ɗan kasuwa kuwa ya riga kowa gane haka, tun da sau da yawa ba shi da tabarmar ma.

Abu na biyu shi ne gyara. In an gama awo, mai kaya zai damƙo hatsi da hannu ya ƙara a bisa. Mai tsire ya yanko ɗan yanki ya miƙa maka ka ɗanɗana tun ba ka ce kana saye ba. Bafillatana mai nono ta ƙara ludayi guda bayan an gama. In an lissafa, gyaran nan bai kai kome ba a kuɗi, amma shi mai saye ya ke tunawa in ya koma gida, shi kuma ya ke faɗa wa maƙwabcinsa.

A zamanin da, wanda ya fi kowa ƙwarewa a wannan fanni shi ne fatoma, watau mai saukar da fatake. Ƙasar Zamfara tana tsakanin Katsina da Kano ta gabas, da Sakkwato da Kabi ta yamma, saboda haka ayari bai rabu da ratsa ta ba. A kan zo da gishiri da kanwa daga arewa, da goro daga Gwanja, da tufafin Kano, a sayi hatsi da fatu da dabbobi a wuce. Baƙo ya iso gari bai san kowa ba, bai san mai gaskiya ba, bai san macuci ba. Sai fatoma ya sauke shi, ya ba shi ɗaki da wurin ɗaure jakai, matansa su kawo ruwa da tuwo. Kashegari ya haɗa shi da dillali, ya tsaya a kan ciniki, in za a ba da kaya bashi shi ne zai lamunta. Ribarsa tana cikin la'adar da a ke ba da wa in an sayar, da ɗan alherin da baƙo zai yi masa ran tafiya. Saboda haka arzikinsa duka ya dogara ga abu ɗaya, watau baƙon nan ya komo baɗi, ya kuma jawo wasu. In fatoma ya ci amanar mutum guda, kafin ayari ya kai zango uku labari ya gama hanya, gidansa ya zama kango.

Wannan dabara Hausawa suka tafi da ita duk inda suka je. A Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, masu gidajen da ke saukar da fataken shanu da goro haka su ke yi, har Turawa masu bincike suka yi ta rubutu a kansu wajen 1960 zuwa 1970, suna mamakin yadda a ke ba da shanu bashi ba takarda ba sa hannu.

Amma kada mai karatu ya zaci kasuwar da duk gaskiya ce. Da haka ne, da malamai ba su yi ta faɗa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, ya kuma zauna a Faru, wadda ke cikin ƙasar Maradun a yau. A littafinsa Kitabul Farƙi ya soki abin da masu mulki su ke karɓa a kasuwa da ƙarfi, kamar tawasa da a ke ɗiba daga naman mahauta. Alkur'ani mai girma kuwa yana da sura wadda ta fara da tsawatar wa masu tauye awo. Akwai ma'auni mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Akwai wanda zai doke gindin mudu ya lotsa ciki, sa'an nan ya cika maka hannu da gyara yana murmushi, ka tafi kana godiya alhali kuwa abinka ya mayar maka, bai ma mayar duka ba. A ganinmu irin wannan ya fi mai ɗaure fuska sharri, don shi ya ɓata wa gyara suna.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai al'amarin ciniki ya fara sākewa. Wuri ya ja da baya, sule da kwabo da anini suka shigo. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injin gurzar auduga a Gusau, kamfanoni suka buɗe kantuna suna sayen gyaɗa da auduga da fatu. Nan manomi ya gamu da wani irin ciniki wanda bai saba da shi ba. A gaban sikeli ba gaisuwa, ba tayi, ba albarka. Akawu ya duba ƙarfe ya faɗi nauyi, manomi kuwa bai iya karatu ba, balle ya musa. Shi ya sa da yawa suka gwammace su sayar wa ɗan baranda na garinsu, ko da kuɗinsa bai kai na kanti ba, don shi zai ba su rance da bazara, ya zo sunan 'ya'yansu, ya zo ta'aziyya. Mai karatun da ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya san daɗin duba sikeli da idonsa. Amma ya lura, ko bayan ilmi ya yaɗu, mutane ba su bar bin wanda ya san sunansu ba.

Sai kuma madatsar ruwa ta Bakolori, wadda wani kamfanin Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978. Ta zo da baƙin ciki. Dubban mutane sun rasa gidaje da gonaki, da manoma suka tashi neman diyya kuwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, aka kashe mutane da yawa. Bayan haka noman rani ya bunƙasa tsakanin Maradun da Mafara da Bakura, shinkafa da tumatir da albasa da dankali suka yawaita, manyan motoci suka riƙa zuwa lodi. Kayan gwari ba sa jira. Mai tumatir in bai sami mai saye yau ba, jibi sai zubarwa. Saboda haka sana'ar fatoma ta komo da sabuwar riga. Dillalin da ya iya tarbar baƙo daga kudu, ya sama masa makwanci da abinci, ya tsaya aka cika masa kwando da kaya masu kyau har ƙasa, ba na kirki a sama ruɓaɓɓu a gindi ba, shi a ke nema da suna in mota ta tsaya. Mai shayi da mai abinci na bakin tasha su ma haka. Direba ya kan wuce rumfa biyar ya tsaya a ta shida, don a nan ne a ka san yadda ya ke son shayinsa ba sai ya faɗa ba.

An yi Jihar Zamfara a 1996. Shekarun da suka biyo bayan 2011 kuwa sun yi wa ƙasar nan tsanani saboda ɓarayin daji masu satar shanu da mutane. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci, don a toshe wa ɓarayin hanyar samun abinci da mai. Ka tuna, gari ne da ya ci sunan kasuwarsa, ga Talata ta zo ba kasuwa. A irin wannan hali ɗan kasuwar da ya dogara ga mai wucewa kawai ba shi da kowa. Wanda ya shekara da shekaru yana gaisuwa da gyara da ba da bashi, shi ne a ka san ƙofar gidansa.

Haka kuma a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sāke takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi wuyar samu a hannu. Mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen mudu guda. Wasu masu kaya suka ce sai tsabar kuɗi, wasu suka yarda a tura musu ta waya, wasu kuwa suka buɗe littafi suka ce, "Ɗauki, Malam, in an samu ka kawo." Ba duka bashin nan ne ya komo ba, akwai waɗanda jarinsu ya karye a kansa. Tun daga lokacin, biya ta waya ya shiga kasuwannin ƙauye sosai. Za ka ga an gama awo, mai saye ya danna waya, su biyu su zuba wa wayar mai kaya ido har saƙo ya shigo. Da ya shigo, sai mai kaya ya aje wayar, ya sa hannu cikin tulin gero, ya damƙo ya ƙara a buhu.