Giginya a kwarin Malanville da Gaya: jinsinta, yaɗuwarta da halin da take ciki

Giginya doguwar bishiya ce mai faffaɗan ganye kamar mafici, wadda da Faransanci ake kira rônier. A kimiyyance sunanta Borassus aethiopum, sunan da masanin tsirrai Bajamushe Martius ya laƙaba mata a 1838. Tana cikin itatuwan da suka fi fice a kwarin kogin Kwara, inda garin Malanville na jihar Alibori a Jamhuriyar Benin yake fuskantar Gaya ta jihar Dosso a Nijar. Duk da yawanta a ido, makomarta a wannan yanki ta dogara ne ga ƙananan da ke tasowa, kuma su ne suka fi fuskantar matsi.

Dangi da jinsi

Giginya tana cikin dangin Arecaceae, tare da dabino da kwakwar manja da goruba. A cikin waɗannan, goruba ce 'yar uwarta ta kusa, sai dai goruba tana yin rassa, giginya kuwa gangarta ɗaya ce tak.

An daɗe ana ɗauka cewa giginyar Afirka ta Yamma iri ɗaya ce. A 2006 masana uku, Bayton da Ouédraogo da Guinko, suka bayyana wani jinsi daban daga Burkina Faso, suka sa masa suna Borassus akeassii don girmama Laurent Aké Assi, masanin tsirrai ɗan ƙasar Kodebuwa. Bitar da Bayton ya wallafa a 2007 ta tsayar da jinsunan Borassus a kan biyar a duniya, biyu daga ciki a babban yankin Afirka.

Manomi na iya bambanta su da ido. 'Ya'yan Borassus aethiopum sukan koma ruwan ɗorawa ko ruwan lemo idan sun nuna, kuma hannun ganyenta yana da manyan ƙayoyi baƙaƙe. Na Borassus akeassii kuwa suna zama da ɗan kore ko sun nuna, kansu yana da tsini, ƙayoyin hannun ganyen kuma ƙanana ne. Wannan bambanci yana da amfani wajen kiyayewa, domin idan aka ƙirga jinsi biyu a matsayin ɗaya, wanda ya fi ƙaranci zai iya ƙarewa ba tare da an lura ba.

Siffa da rayuwa

Babbar giginya takan kai mita 20 zuwa 25. Idan ta manyanta, gangarta takan kumbura a can sama. Akwai namiji akwai mace: macen ce kawai ke yin 'ya'ya, amma sai an sami namiji a kusa kafin ta ɗauka. A cikin kowane ɗa akan sami ƙwallo har uku.

Tsirowarta ta bambanta da ta yawancin itatuwa. Ƙwallon yakan fara tura wani dogon tsiro can cikin ƙasa, inda abinci yake taruwa. Wannan shi ne muruci. Daga nan ganye ke ɓullowa, kuma shukar takan yi shekaru da dama tana ƙasa ƙasa kafin ganga ta miƙe. A daji giwaye suna cin 'ya'yan, su kai ƙwallayen nesa a cikin kashinsu.

Inda take

Ana samun giginya daga Sanagal har gabashin Afirka, zuwa arewacin Afirka ta Kudu da Madagaska. Tana son wurin da ruwan ƙasa yake kusa, kamar fadama da bakin kogi da tsofaffin kwaruruka.

Shi ya sa ta yi yawa a ɓangarorin biyu na wannan iyaka. A Nijar, dajin giginya na Dallol Mauri da bakin kogi, a yankin Gaya, shi ne mafi girma a ƙasar, ana ƙiyasta faɗinsa da kimanin hekta 30,000. An sa Dallol Mauri cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2004. A Benin, ana ganinta a filayen ambaliya na Malanville, inda kogin Sota ke shiga Kwara, da kuma gundumar Karimama, inda keɓaɓɓen dajin Goroubi ya yi suna da ita. Daga yamma akwai gandun dajin W, wanda ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso.

Amfaninta

Daga gangarta ake tsaga azara, wadda gara ba ta cika ci ba, kuma da ita maginan Hausa suka daɗe suna rufin soro. An fi neman gangar namiji saboda taurinta. Da ganyen ana saƙa tabarma da malafa da mafici, da hannayensa kuma ana yin shinge. Ana tsotsar 'ya'yan da suka nuna. Muruci kuwa ana binne ƙwallaye ne da damina, a tone bayan kimanin rabin shekara ko fiye, a dafa a kai kasuwa. Mata da yara ne suka fi riƙe wannan sana'a, kuma murucin yankin yana kaiwa kasuwannin Nijar da Benin da Najeriya.

Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta. A gona wannan alheri ne, domin ba ta danne gero ko dawar da aka shuka a gindinta.

Barazana da kiyayewa

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa Borassus aethiopum cikin rukunin da ba ya fuskantar haɗarin ɓacewa a duniya baki ɗaya. Amma wannan hukunci bai shafi halin kowane kurmi ba. Duk ƙwallon da ya zama muruci, bishiya ce da ba za ta tsaya ba. Waɗanda suka tsira kuma suna haɗuwa da garma da gobarar daji da kiwon dabbobi, yayin da gatari ke bin manya don azara. Inda aka kwashe 'ya'ya kakaf shekara da shekaru, sai a ga kurmi cike da tsofaffi babu matasa. Tun da girmanta a hankali yake, ɓarnar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

A yankin Gaya, an gwada wata hanya a shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwizalan da IUCN. An sa ƙauyuka cikin kula da dajin da cin moriyarsa, maimakon barin komai a hannun ma'aikatan gandun daji. Dabarun ba su da tsada: shuka ƙwallo kai tsaye a inda ake son bishiyar ta tsaya, tun da dasawa yana yi mata wuya, da barin wani kaso na 'ya'ya a ƙasa kowace shekara, da kare ƙanana lokacin sharar gona, da barin isassun maza don mata su ci gaba da haihuwa.

Tun da masu sayen muruci da azara suna ɓangarori uku na iyaka, ƙa'idar da aka sa a Gaya ba za ta wadatar ba idan ba a yi irinta a Malanville da Karimama ba.