SUNAYE GOMA SHA ƊAYA: WA KE RUBUTA TARIHIN ƘWALLON MAKARANTUNMU?

Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, magana ce ta tarihi amma ta shafe mu nan Gummi, Anka da Bukkuyum.

A 1889 wasu Amurkawa biyu, ɗan jarida Caspar Whitney da Walter Camp na Jami'ar Yale, suka ƙirƙiro wata al'ada. Duk ƙarshen kakar wasa sai a fitar da sunayen ɗalibai 11 da suka fi kowa iya ƙwallo a jami'o'in ƙasar. Sunan jerin All-America. Ƙwallon tasu daban take da tamu, irin wadda ake runguma a hannu a ruga a guje ana bangaje juna ce. Babu albashi, babu kyautar mota. Sunanka kawai zai fito a mujalla. Daga 1898 har 1924 Camp ne ke fitar da jerin a mujallar Collier's, ya rasu a 1925.

To, abin bai rasa son kai ba. Jerin farko kaf daga makarantu uku aka ɗebo shi: biyar daga Princeton, uku daga Yale, uku daga Harvard, duk makarantun 'ya'yan masu hali na gabashin ƙasar. Masu zaɓen sun fi ganin wasan da ake yi a ƙofar gidansu. Sai 1898 aka sa Clarence Herschberger na Jami'ar Chicago. Kun ga ashe kukan "an manta da mu na ƙauye" ba yau aka fara shi ba.

Duk da haka, jerin ya buɗe wa waɗanda ake raina wa ƙofa. William H. Lewis na Harvard shi ne baƙar fata na farko da ya shiga, a 1892 da 1893, daga baya ya zama lauya har ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar shari'a ta Amurka a 1911. Jim Thorpe, ɗan asalin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, yana karatu a makarantar Carlisle, ya shiga a 1911 da 1912. A 1911 makarantar tasu ta doke Harvard 18 da 15. A 1912 suka lallasa makarantar hafsoshin soja ta West Point 27 da 6, cikin waɗanda aka lallasa har da Dwight Eisenhower wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya. Fritz Pollard na Jami'ar Brown ya shiga a 1916.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Paul Robeson na Rutgers, da aka zaɓa a 1917 da 1918. Mahaifinsa a bauta aka haife shi, ya gudu. Robeson ya zama mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya, yana sukar wariyar launin fata da mulkin mallaka a Afirka. Gwamnatin Amurka ta zarge shi da kusanci da Tarayyar Sobiyet, ta ƙwace fasfo ɗinsa a 1950, bai samu ba sai 1958. A wancan zamani har littafin tarihin ƙwallo aka buga, aka jero 'yan wasan 1918 su goma, aka tsallake sunansa. Amma tsofaffin mujallu na nan a ajiye, duk mai iya ƙirga ya san 11 ne. Ya rasu a 1976, a 1995 aka shigar da shi zauren tunawa da gwanayen ƙwallon jami'o'i. Tafin hannu ba ya rufe rana, matuƙar dai an rubuta.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma fa makaranta ce ta kawo mana wasannin nan. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, wasa na cikin tarbiyyarta. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello gwani ne a wasan Fives, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Mun san haka ne domin ya rubuta tarihin rayuwarsa kuma ya zama Firimiya. Abokan karatunsa da suka ƙare a malaman makaranta ko akawun En'e fa? Wa ke tuna bajintarsu a fili?

An fara gasar Kofin Gwamna a 1945. A 1953 Kano ta ɗauke shi, karon farko da ya zo Arewa. Cikin masu karanta wannan, wa zai lissafo mana mutum uku daga cikin 'yan wasan? Amma ka tambayi yaro a gidan kallo jerin 'yan Arsenal ko Barcelona, har masu zaman benci zai kawo maka.

Nan yankinmu, tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996, ana gasar makarantu. Kowane gari na da tsohon golan da ake cewa ƙwallo ba ta wuce shi, da ɗan gaban da ake tashi daga wani ƙauye a zo kallo. Labarin duk a baki yake. Ranar da dattijon da ke ba da shi ya kwanta dama, shi ke nan.

Wani zai ce muna fama da 'yan bindiga kana maganar ƙwallo? Ai saboda haka ne ma. A 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe da na Kaya, an rufe makarantu a jihar nan. Yaro ɗan shekara 15 a Anka ko Bukkuyum yau yana da masu kiransa: ramin haƙar zinare, wanda gubar dalmarsa ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, ga majalisar 'yan ƙwaya, ga masu neman 'yan leƙen asiri. Kowannensu na yi masa alkawarin kuɗi ko suna. Makaranta me take ba shi da zai yi alfahari da shi gaban tsaransa?

Shawarata mai sauƙi ce, ba ta buƙatar kwangila. Malaman wasanni na sakandaren ƙananan hukumomin uku su zauna duk ƙarshen shekara su fitar da mutum 11. Mu ɗauki darasi daga kuskuren Camp: kada zaɓen ya tsaya cikin garin Gummi da Anka, a duba Nasarawar Burkullu, Daki Takwas, Gayari da sauransu. Sai ɗalibi na gaskiya mai zuwa aji, ban da sojan haya, ban da rage shekaru. Kada a bar ɗan siyasa ya manna hotonsa a kai, don ranar da ya faɗi zaɓe abin zai mutu. A rubuta sunan yaro, makarantarsa da shekarar a littafi mai bango, kwafi ɗaya a ofishin ilimi, ɗaya a fada. In Mai Martaba Sarkin Mafaran Gummi ko Sarkin Zamfaran Anka ya miƙa wa yaro takardar shaida da hannunsa, wallahi har jikokinsa sai sun gani.

Kafin nan, mu fara da abin da ke hannunmu. Duk wanda ya san tsohon gwanin ƙwallon makaranta a garinsu, ya nemi dattawan da suka gan shi a fili, ya rubuta makarantar da shekarun, ya ajiye. Wanda ke da tsohon hoton tim ya ɗauke shi da waya tun gara ba ta cinye ba.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Amin.