Bin Sawun Kifayen da Ke Neman Ƙarewa

Wannan hanya ce da masana ke bi domin sanin mazaunin kifi da wurin hayayyafarsa. Akan dasa masa 'yar na'ura mai fitar da sauti, kowace da lambarta, sa'annan a sake shi. Waɗansu na'urori da aka kafa cikin kogi ke ɗaukar lambar da lokacin wucewarsa.

A shekarar 2022, a kogin Mekong na ƙasar Kambodiya, an yi wa wata kunamar ruwa haka, wato kifin nan mai faɗi kamar faifai, nauyinta kilo 300. An gano ba ta cika barin gurbi guda mai zurfi ba. A ganinmu amfanin aikin ke nan, domin hukuma za ta san inda ya kamata a taƙaita kamun kifi. Danginta na kogin Binuwai ma sun yi ƙaranci ƙwarai.