Lago: Garin da Man Fetur Ya Gina a Aruba

A ƙuryar gabashin tsibirin Aruba, wanda ke ƙarƙashin masarautar Holan, akwai unguwar da ake kira Seroe Colorado. A da sunanta Lago Colony, gari ne sukutum da kamfanin mai ya gina wa ma'aikatansa.

Aruba ba ta haƙo man fetur. Arzikin yana tafkin Marakaibo ne a Benezuwela, sai dai bakin tafkin ba shi da zurfin da manyan jiragen dakon mai za su shiga. Wannan ya sa a 1924 kamfanin Lago Oil & Transport ya soma kwaso ɗanyen mai da ƙananan jirage, yana juye shi a manya a Aruba. Daga juye mai aka kai ga tace shi: matatar da ke garin San Nicolas ta fara aiki a 1929, a 1932 kuma ta koma hannun Standard Oil of New Jersey, mai tambarin Esso.

Tsibirin busasshe ne, ga ƙarancin ruwa. Idan ana son injiniya ya baro Amurka da iyalinsa, tilas a tanadar masa komai. Sai kamfani ya gina ɗaruruwan gidaje, da asibiti, da makaranta har zuwa ƙarshen sakandare, da kantin kayan masarufi, da coci, da kulob. Ruwa da wuta duk na kamfani ne, a ƙofa kuma akwai masu gadi. Manyan ma'aikata baƙi, galibi Amurkawa, su ke ciki. Leburorin da suka zo daga sauran tsibiran Karebiyan kuwa suna bayan shinge, a cunkushe cikin San Nicolas.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matatar ta shiga sahun mafi girma a duniya, tana samar wa jiragen saman ƙawancen Ingila da Amurka mai. Shi ya sa ranar 16 ga Fabrairu, 1942 jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, U-156, ya kawo hari ya harbi jiragen dakon mai, amma matatar ta tsira. Bayan yaƙi ma'aikata suka haura dubu 8.

Daga nan injuna suka riƙa maye gurbin mutane, gidaje suka soma zama babu kowa. Da kasuwar mai ta faɗi, kamfanin, wanda a lokacin sunansa ya koma Exxon, ya rufe matatar ranar 31 ga Maris, 1985. Kamfanonin Coastal da Valero sun gwada farfaɗo da ita, amma a 2012 ta sake tsayawa.

Yau an rushe gidaje da dama, wasu sun zama kango, wasu kuma 'yan ƙasa na zaune ciki. Cocin yana tsaye. Baby Beach, gaɓar da 'ya'yan ma'aikata ke wanka a da, ta zama wurin shaƙatawar kowa.

Zanen aro ba ya rufe katara. Garin ba shi da wata sana'a sai ta kamfani, bai kuma cuɗanya da maƙwabtansa ba, don haka da kamfani ya tafi ba wanda ya riƙe shi. Aruba kuwa ta farga, ta rungumi harkar yawon buɗe ido, da ita take ciyar da mutanenta har yau.