Masu Gyaran Kwamfuta a Kano da Shiga BIOS

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta tara maƙera da dukawa a cikin birni, amma gyaran kwamfuta a wajen badala ya fi kafuwa, musamman a titin Beirut. Masu wannan sana'a sukan fara duba BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura, wadda Gary Kildall ya raɗa wa suna a 1975. A kwamfutar IBM ta 1984 sai da faifai ake saita BIOS ɗin, daga baya aka koma danna F2 ko Del da zarar an kunna, abin da yakan zama dole a kwamfutocin gwanjo idan batirin da ke riƙe agogo ya mutu.