Sarƙar Babur: Me Ke Cinye Ta, Kuma Me Ke Tsawaita Kwananta?

Idan mai babur ya je wurin bakanike ya ce “cen ya saki”, abin da ke ransa shi ne ƙarfen ya miƙe saboda ja. Ba haka abin yake ba. Ƙarfin injin ƙaramin babur bai kai ya miƙar da faifan ƙarfen da ke gefen sarƙa ba. Abin da ke faruwa cinyewa ce, kuma a cikin gaɓoɓi take faruwa, inda ido ba ya kaiwa. Duk wata dabara ta kula da sarƙa, da duk abin da aka ƙirƙiro domin maye gurbinta, daga wannan gaɓa suka taso.

Sarƙar da muke amfani da ita yau ta samo asali ne daga ƙirar Hans Renold, injiniya ɗan asalin Suwizalan da ya zauna a Manchester, wanda ya fito da ita a 1880. A kowace gaɓa akwai ƙusa a tsakiya, akwai bututun ƙarfe da ƙusar ke juyawa a cikinsa, sannan akwai rola a waje wadda ke zama tsakanin haƙoran sifroket. Duk lokacin da gaɓa ta hau sifroket sai ta lanƙwasa, ta sauka ta miƙe, kuma tana yin hakan ne injin na jan ta. Kowace lanƙwasa gugar ƙarfe da ƙarfe ce. Ƙusa na sirancewa, ramin bututu na faɗaɗa, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa na ƙaruwa.

Lissafin ba shi da wuya. Sarƙa mai lamba 428, wadda ta yi yawa a ƙananan babura, tazarar gaɓarta milimita 12.7 ce. A ce kowace gaɓa ta ci kwatan milimita kawai. A sarƙa mai gaɓa 120, wannan ya zama milimita 30, wato fiye da tsawon gaɓa biyu. Hakan kashi 2 cikin ɗari ke nan, kuma wajen nan ne yawanci ake ɗaukar cewa sarƙa ta gama aiki. Mai son tabbatarwa sai ya ja ta ta miƙe, ya auna gaɓa 20: sabuwa za ta ba shi milimita 254, wadda ta kai 259 kuwa ta tashi daga aiki. Akwai gwajin da bai buƙatar ma'auni: a kama sarƙar a bayan sifroket na baya a ja ta waje. Idan ta ɗago har aka ga rabin haƙori, magana ta ƙare.

Sifroket na gaba ya fi shan wahala, shi ne kuma ya fi wahalar da sarƙar. A ɗauki mai haƙori 14 a gaba da mai 42 a baya. Na gaba zai zagaya sau uku kafin na baya ya yi ɗaya, kuma gaɓa na lanƙwasa kusan digiri 26 a kansa, alhali a na baya bai kai digiri 9 ba. Da sarƙa ta tsawaita, rola ba ta ƙara zama a gindin haƙori. Sai ta riƙa hawa sama tana sassaƙe shi har ya yi tsini ya karkata. Shi ya sa sanya sabuwar sarƙa a kan tsohon sifroket asarar kuɗi ce, domin haƙoran da suka lalace za su lalata ta da wuri. Haka ma yanke gaɓa biyu idan abin ja baya ya ƙure: sarƙar ta gajarce, amma tazarar gaɓoɓinta na nan yadda cinyewa ta bar ta.

A ƙasar Hausa babban abokin gābar sarƙa ƙura ce. Yashi yawancinsa silika ne, mai taurin da ke karce ƙarfe, kuma kaso mai yawa na ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, inda busasshen tafki ya bar garin silika. Nan ne al'adar shafa baƙin man da aka juye daga inji ke yin ɓarna. Man ya riga ya ɗauko burbushin ƙarfe, ga shi ana malala shi har yana ɗiga, ƙura ta bi ta manne. Haɗin mai da yashi yana yi wa ƙusa abin da dutsen niƙa ke yi wa gero. Mai na da amfani ne idan ya shiga tsakanin ƙusa da bututu. Wanda ya tsaya a waje tarkon ƙura ne kawai. Abin da ya fi shi ne a wanke sarƙar da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga man giya mai kauri, lamba 80 ko 90 da littattafan Honda suka daɗe suna ambata, ta gefen ciki, sannan a goge na waje da tsumma. Tazarar kilomita 500 zuwa 1,000 da kamfanoni ke faɗa ta kwalta ce. Mai bin hanyar burji da rani, ko taɓo da damina, ba zai jira haka ba.

Ɓarna ta biyu ɗaurewa ce fiye da kima. Mutane da yawa ba sa son jin ƙarar sarƙa, sai su sa a ja ta ta yi tsam. Amma tayar baya tana hawa tana sauka, kuma sarƙa ta fi ɗaurewa a daidai lokacin da nauyi ya danne babur. Wasan milimita 20 zuwa 30 da ake bari a tsakiyar sarƙa domin wannan ne. Babur ɗin da aka ɗaure wa sarƙa ba kowa a kansa, sannan aka ɗora masa buhun masara da mutum biyu, kowane rami ya faɗa sai boris ɗin giya da na taya sun ji a jikinsu. Kuma da yake sarƙa ba ta cinyewa daidai wa daida, sai an juya taya an nemo inda ta fi ɗaurewa, a nan ake awo.

Masu ƙira sun bi hanyoyi da dama domin raba mai babur da wannan hidima. Tun shekarun 1970 aka fito da sarƙa mai ƙananan zobban roba da ke kulle giris a cikin gaɓa, kuma tana daɗewa sosai, sai dai ta fi tsada, ta fi faɗi, kuma fetur na lalata robar. BMW ta zaɓi sandar juyawa irin farfelar mota tun daga ƙirar R32 ta 1923. Ba ruwanta da ƙura, amma tana da nauyi, tana cin wani ɓangare na ƙarfin inji, in ta lalace kuma gyaranta ba na bakin titi ba ne. Harley-Davidson ta fito da bel mai haƙora a ƙirar Sturgis ta 1980. Ba ya son mai, ba ya ƙara, amma tsakuwa ɗaya da ta maƙale tsakaninsa da faifai na iya huda shi, kuma bel da ya tsinke ba a haɗa shi. A 2020 BMW ta sake fitowa da sarƙa mai suna M Endurance, wadda ta ce ba ta buƙatar mai ko ɗaurewa. Duk waɗannan an yi su ne domin manyan babura da masu hali.

A ganina amsar da ta dace da babur ɗin aiki ta girmi mafi yawansu, kuma ta fi su araha: murfin da ke rufe sarƙa ruf. Honda Super Cub ta zo da shi tun 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Kamfanin MZ na tsohuwar Jamus ta Gabas ya riƙa rufe sarƙarsa da kwaroron roba, masu hawa kuma sun san baburansa da daɗewar sarƙa. Yawancin baburan Indiya da Sin da ke kasuwanninmu da murfinsu suke zuwa. Aikinsa biyu ne: ya hana ƙura shiga, ya hana mai fita.

Abin mamaki, shi ne abu na farko da ake cirewa. Wani domin gayu, wani domin bakanike ya ga mayar da shi ɓata lokaci ne, mafi yawa kuma domin yana ƙara. Amma ƙarar nan ta sarƙar da ta saki ce tana dukan gwangwani, wato murfin na sanar da mai shi cewa lokacin gyara ya yi. Aibinsa na gaske ɗaya ne: abin da aka rufe ana mantawa da shi, har sarƙa ta bushe ta yi tsatsa ba a sani ba. Domin haka ne aka yi masa ƙaramar kafa mai marufin roba a gefe, inda yatsa zai shiga ya gwada wasan sarƙa, bakin gorar mai kuma ya bi. Marufin nan yakan faɗi tun babur na sabo, kuma ba kasafai ake sayen wani ba, sai kafar ta zama ƙofar da ƙura ke bi ta shiga ta kasa fita.