Ramin Baba: Tarihin Rinin Kano da Darasin Sinadaran da Ke Cikinsa

A farkon shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya ga ganuwa, ya ga fada, ya ga kasuwar Kurmi, amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa saƙa da rinin da Kano ke fitarwa waje a shekara ba za su gaza wuri miliyan 300 ba. Ya kuma bi sawun inda kayan ke zuwa: Murzuk, Gat, Tarabulus, Tambutu, har gaɓar tekun Atilantika. Wani zanen ma sai ya hau raƙumi ya yi arewa zuwa Gadamas, sannan ya karkato yamma ya gangaro Tambutu, kuma duk da wannan doguwar hanya fatake na cin riba. Kafin Barth, Clapperton ɗan Birtaniya ya zo a 1824, shi ma ya yaba rinin garin.

Sana'ar ta girmi waɗannan baƙi nesa ba kusa ba. Marinan Ƙofar Mata suna cewa an kafa karofinsu a 1498, wato ƙarshen mulkin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A yammacin Afirka kuwa shuɗi ya riga wannan lokaci: an samu tufafi masu rinin baba a kogunan dutsen Bandiyagara na ƙasar Mali, waɗanda suka kai ƙarni na 11. A can ƙasar Peru an tono wani guntun auduga mai shuɗin baba da ya kai kimanin shekara 6,000. Al'ummomin da ba su taɓa jin labarin juna ba sun gano dabara iri ɗaya, kuma dabara ce mai wuyar gaske.

Abin da ya ɗaga Kano sama da sauran garuruwa a ƙarni na 19 shi ne rami. Da can a manyan tukwane ake rini, kamar yadda matan Yarabawa ke yi wa adire. Marinan ƙasar Kano suka koma haƙa ramuka masu zurfi, wasu sun ninka tsayin mutum, suna shafe cikinsu da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Shi kuwa laso, babban abin haɗinsa katsi ne, wato dattin da ke kwanta a gindin ramin idan baba ya mutu, a kwashe a busar a ƙone. Shara ta jiya ita ce siminti na gobe. Rami ɗaya na ɗaukar aikin tukwane da yawa, ɗuminsa ba ya saurin sauyawa, saboda haka kuɗin rina zane ɗaya ya sauka. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya yi bincike mai zurfi a kan wannan sauyi. Karofi ya bazu a Kura da Dal da Zarewa da wasu garuruwa. Sai dai kada mu yi wa tarihin kwalliya: audugar da baban da suka ciyar da wannan kasuwa, wani kaso nasu bayi ne suka noma a gandaye da rinji.

Ni ba marini ba ne. Malamin kemistiri ne, na ƙare rayuwar aikina tsakanin allo da alli a makarantun sakandare. Abubuwa uku ne na ga suna kayar da yara daga aji huɗu har shekarar farko ta jami'a: asid da alkali, narkewar abu a ruwa, da musayar ilektiron da littafi ke kira ridoks. Yaro zai haddace ma'anarsu ya zuba a jarrabawar WAEC, washegari ya manta, domin bai taɓa ganin inda suke aiki ba. Alhali dukansu uku suna cikin rami ɗaya a Ƙofar Mata, kuma idan ɗaya ya kuskure, zane ba zai yi shuɗi ba.

Mu fara da ganyen. Baba kore ne shar, ko ka tsaga shi ba za ka ga shuɗi ba. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi mai suna indikan, wanda sukari ke manne a jikinsa. Idan aka yanko baba aka daka, ƙwayoyin ganyen sun fashe, sai wani sinadarin da ke cikin ganyen ya tsinke sukarin. Abin da ya rage ba ya zama shi kaɗai: da zarar ya haɗu da iskar oksijin sai biyu-biyu su haɗe su zama shuni. Shi ya sa curin baban da aka dunƙula aka shanya yake yin duhu. Kowace ƙwayar shuni tana da atam 16 na kabon, 10 na haidirojin, 2 na naitirojin, 2 na oksijin. A rubuce C16H10N2O2 ke nan. Ɗalibi ya ninka kowanne da nauyinsa, 12 da 1 da 14 da 16, ya tara, zai samu 262. Wannan shi ne lissafin mol da ke sa yara zufa: giram 262 na tsantsar shuni mol ɗaya ne.

Nan matsala ta farko take. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ka zuba garinsa a kwano ka dama daga safe har azahar, zai koma ya kwanta. Gishiri na narkewa domin ƙwayoyinsa na ɗauke da caji, ruwa na jan su ya raba su. Ƙwayoyin shuni kuwa sun fi son junansu fiye da ruwa, sun riƙe juna gam. Abin da bai narke ba ba zai ratsa zaren auduga ba, iyakarsa ya ɓata saman zane, wanki ɗaya ya tafi. Duk hikimar karofi ita ce yadda za a sa marar narkewa ya narke na ɗan lokaci, ya shiga zare, sannan ya koma halinsa a can ciki.

Mataki na farko toka. Tokar itace da ta karan dawa tana ɗauke da kabonet na fotasiyam, wanda idan ya shiga ruwa yake mai da shi alkali. Uwayenmu mata sun san wannan ruwa, shi ne ruwan tokar da ake tacewa don girki, ɗan'uwan kanwa. Masana na auna ƙarfin asid da alkali da ma'aunin pH, wanda Sørensen ɗan ƙasar Denmak ya fito da shi a 1909: bakwai tsaka-tsaki, ƙasa da bakwai asid, sama da bakwai alkali. Ramin baba yana son wajen 10 zuwa 11. Marini bai da wannan lamba, amma yana da harshe da yatsu. Yakan ɗanɗana ruwan, ya murza shi ya ji santsinsa, ya san ko toka ta yi ko a ƙara. A aji nakan nuna wa yara wannan da zoɓo: a matsa lemun tsami a kofi ɗaya, jansa ya ƙara haske, a zuba ruwan toka a ɗayan, ya rikiɗe ya yi duhu-duhu mai kore. Ko sunan fotasiyam daga toka ya samo asali, domin daga sinadarin toka Humphry Davy ya fara ware ƙarfen a 1807.

Mataki na biyu shi ne wanda ido ba ya gani. Bayan an zuba baba da toka da katsi a ruwa, sai a bar ramin kwanaki, ana motsawa da doguwar sanda, ana rufe bakinsa da murfin saƙar kara. A cikin wannan ɗumi wasu ƙwayoyin halitta masu jure alkali suke cin ragowar ganyen. Suna cinye oksijin ɗin ruwan, sannan su riƙa miƙa wa shuni ilektiron, biyu ga kowace ƙwaya. Shunin da ya karɓi ilektiron biyu ya zama wani abu dabam: launinsa ya koma rawaya-rawaya mai kore, kuma a ruwan alkali yana ɗaukar caji, saboda haka yana narkewa. Alamar da marini ke jira ita ce wari na musamman da kumfa mai sheƙi a saman ruwa. Idan ta fito, baba ya nuna.

Sai a tsoma zane a hankali, ba tare da fantsama ba, domin fantsama na shigar da iska, iska kuma na kashe aikin. Narkakken shuni ya ratsa zare. A ɗago zanen, a matse. Yakan fito kore, sai ka ga yana juyewa shuɗi a gaban idonka tun bai bushe ba. Oksijin ne ke karɓe ilektiron biyun nan. Shuni ya koma marar narkewa, amma yanzu yana cikin zare, ba hanyar fita. Ridoks ke nan gaba ɗayansa: a rami an karɓa, a iska an mayar, kuma ba a taɓa samun mai bayarwa ba tare da mai karɓa ba. Tamkar bashi ne, ba ya ƙulluwa sai da mutum biyu. Tsomawa kaɗan na ba da shuɗi mai haske, tsomawa da yawa na kai zane ga baƙi. Baƙin nan kuwa yana rufe kowane launi, abin da ya sa Bahaushe ya ce a rina, an saci zanen mahaukaciya.

Daga karofi sai mabuga. Nan ake shimfiɗa zane a kan gungume, a barbaɗa garin shuni, a yi ta bugu da tabarya gajera har ya yi ƙyalli. Turkuɗi da rawani ɗan Kura da riga ƙore duk daga nan suke samun sheƙinsu, kuma su ne Buzaye ke saye da tsada. Shunin da aka buga a saman zane ba a ɗaure yake da zaren ba, shi ya sa yake zuba a fatar mai sawa. Ko wanda ke cikin zaren ma maƙalewa ya yi, ba haɗewa ba. Dalilin koɗewar wandon jins a gwiwa ke nan, domin shi ma da shuni ake rina shi.

Yayin da fataken Kano ke ɗaure kaya a kan raƙuma, wani Bajamushen, Adolf von Baeyer, ya fara binciken shuni a 1865. Tambayarsa ba yadda ake rini ba ce, ita ce yadda atam talatin ɗin nan suke jere. Ya haɗa shuni a ɗakin gwaji a 1878, ya fito da tsarin ƙwayarsa a 1883, ya samu kyautar Nobel a 1905. Hanyarsa ta yi tsada ga kasuwa, sai kamfanin BASF ya kashe maƙudan kuɗi da shekaru yana neman mai araha daga sinadaran kwaltar gawayin ƙasa. A 1897 ya fitar da shunin masana'anta. Ba jabu ba ne: ƙwaya ɗaya ce da ta ganye, atam da atam. Indiya, wadda ita ce ke ciyar da Turai da baba a lokacin, kasuwarta ta rushe kafin 1914.

Kano ba ta faɗi rana ɗaya ba, kuma ba shunin Jamus kaɗai ya kayar da ita ba. Turawan Ingila sun ci garin a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kawo yadin Manchesta da araha, ya kuma juya hankalin manoma ga gyaɗa. Hanyar Sahara ta yi ta mutuwa. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka zo, sannan atamfar Sin ta zo ta kashe su su ma. Garin rini na gwangwani ya shiga kasuwa, tare da soda mai ƙuna a madadin toka, da wani farin gari mai warin farar wuta da masu rini ke kira haidiro a madadin kwanakin jira. Aikin da ƙwayoyin halitta ke yi a mako, haidiro na yin sa kafin a sha shayi. Yau yawancin masu rinin shadda a unguwannin Kano da duro da wuta suke aiki, ramuka da yawa sun cike da ƙasa, Ƙofar Mata kuma ta fi dogara da baƙi masu yawon buɗe ido.

Abin da nake so ɗalibi ya ɗauka daga wannan tarihi ba alfahari ba ne kawai. Marinan Kano sun iya sarrafa alkali da narkewa da musayar ilektiron ɗaruruwan shekaru kafin a raɗa wa waɗannan abubuwa suna, kuma iyawarsu ta tufatar da mutane daga Barno zuwa Tambutu. Amma iliminsu a harshe da hanci da yatsa yake, sai wanda ya girma a bakin rami ke gadonsa, kuma ba ya aiki sai da ganyen baba. Baeyer bai iya rina rawani ba, ya san jerin atam ne, kuma wannan sanin shi ya ba wasu damar yin shuni ba tare da gona ba, suka kwashe kasuwar duniya. Wanda ya san dalili ya ƙwace sana'a daga hannun wanda ya iya aiki.

Har yanzu akwai aikin da ke jiran wanda ya haɗa biyun. Ruwan rinin zamani da ake zubarwa a kwatoci yana da alkali mai ƙarfi da ragowar farar wuta, yana cin hannun masu aiki, yana gurɓata rijiyoyi. Masu bincike a ƙasashe da dama sun koma neman hanyar narkar da shuni da sukari ko da ƙwayoyin halitta don su rabu da haidiro, wato hanyar da karofi bai taɓa bari ba. Malaman kemistiri na Kano da Zariya da Katsina da Damagaram su kai ɗalibansu marina da takardar gwajin pH da ma'aunin zafi, su auna rami tun ranar da aka haɗa shi har ranar da ya mutu, su rubuta abin da tsofaffin marina ke ji a harshe cikin lambobi, tun masu wannan harshe suna raye.